Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Gwamnonin Arewa: Inda Kuɗin Fayil Ya Samo Asali

Zuwa ga Masu Girma Gwamnonin Jihohin Arewa 19, ta hannun Shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa.

Ranku ya daɗe, ina gaisuwa, tare da roƙon Allah ya yi riƙo da hannayenku a kan nauyin da kuka ɗauka.

Ni tsohon ma'aikacin gwamnatin jiha ne. Na kama aiki a 1985 a matsayin ƙaramin akawu a sashen ajiyar fayil, wanda muke kira rajista, na kuma ajiye aiki a 2020 bayan cika shekara 35. Ban taɓa zama darakta ba, ban taɓa sa hannu a takardar kwangila ba. Teburina ne talaka yake fara tsayawa a gabansa idan ya shigo ma'aikata. Don haka hancin da zan yi magana a kansa ba na biliyoyin da jaridu ke bugawa ba ne. Na ɗari biyar ne da dubu biyu, wanda ake nannaɗewa a tura ƙarƙashin takarda, kuma ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. A ofis kuɗin fayil ne ko na goro. A wani wurin a ce maka ka ga yaran. A kan hanya kuwa direba ba ya jira a buɗe baki. Na ga yadda abin yake tsirowa tun yana ɗanye, kuma akwai shekarun da hannuna ya taɓa shi. Zan zo kan wannan.

Tun ina sabon shiga nake ganin ana ƙaddamar da yaƙi da wannan cuta. Na tarar da yaƙi da rashin ɗa'a na Buhari da Idiagbon, wanda aka fara a 1984. Ina bakin aiki aka kafa hukumomin yaƙi da cin hanci, ICPC a 2000 da EFCC a 2003, aka kawo SERVICOM, shirin inganta yadda ma'aikatu ke yi wa jama'a aiki, a 2004. Na halarci tarurrukan wayar da kai da ba zan iya ƙirgawa ba, kowanne da alluna da riguna da jawabin babban baƙo, kuma kusan duk a wuri ɗaya suke tsayawa: halin mutanenmu ne ya lalace, mu ji tsoron Allah mu gyara. Tsoron Allah wajibi ne, ba na jayayya da wannan. Amma ruwa ba ya tsami banza. Mafi yawan hancin da ake karɓa a kan teburin ofis ƙera shi ake yi, kuma kayan ƙirar da yawa suna hannunku.

A watan Yulin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, ta fitar da sakamakon bincikenta na 2023. Ta ce a shekarar an miƙa wa jami'an gwamnati hanci kimanin sau miliyan 87, tsabar kuɗin da aka biya ya kai kusan naira biliyan 721, kuma in aka raba, kowane miƙi ya kama naira 8,284. Cikin duk mutum 100 da suka yi hulɗa da jami'in gwamnati, 27 sun biya. Sai dai akwai wani adadi a rahoton da na fi so ku riƙe: kashi 70 cikin 100 na waɗanda aka nemi hanci a wurinsu sun ƙi bayarwa aƙalla sau ɗaya, kuma Arewa maso Yamma ce kan gaba wajen ƙin, da kashi 76. Ke nan mutanen da kuke mulka ba son abin suke yi ba. Sukan ƙi, su tafi, su dawo, su sake ƙi, sai ranar da tura ta kai bango su zura hannu a aljihu. Abin da ya kamata a bincika shi ne mai turin.

Ga yadda ya faro a ofishinmu. Lokacin da na kama aiki, duk farkon wata mukan rubuta buƙatunmu mu kai sito, a ba mu bangon fayil, da igiyar ɗaure takardu, da kabon, da tawadar tafireta. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sito ya fara bushewa. Kuɗin gudanar da ofis da ke zuwa wata-wata ya koma zuwa sau ɗaya a wata uku, wani lokacin ma sai labari. Mutum ya zo a buɗe masa fayil, babu bango. Da farko cewa muke ya fita bakin ƙofa ya sayo. Daga baya muka ce ya kawo kuɗin mu aiki masinja, don a sauƙaƙa masa. Masinja ya dawo da canji, ba wanda ya tambaya, canji ya zama kuɗin shayi. Da tafiya ta yi tafiya muka daina faɗin farashin bango, muka koma faɗin abin da muka ga mutum zai iya. Abin da har yau yake damuna shi ne, da aka sake cika sito bayan wasu shekaru, ba mu daina ba. Yaran da aka ɗauka a bayanmu sun tarar ana karɓa, sun ɗauka doka ce, wasunsu har rantsuwa za su yi maka cewa a rubuce take.

Ni ma na karɓa, shekaru ba kaɗan ba, kuma ina neman gafarar Allah da ta waɗanda na karɓar wa. Ranar da na bari, wata mata ce ta zo neman haƙƙin mijinta da ya rasu yana bakin aiki. Na ce mata kuɗin fayil. Ta kwance bakin zanenta ta ƙirgo, ta ajiye, sannan ta tambaye ni ko akwai gajeriyar hanya zuwa tasha, domin kuɗin motar cikin gari ne ta ba ni, da ƙafa za ta koma. Ba ta yi ƙorafi ba, hanya kawai ta tambaya. Na mayar mata da kuɗinta. Cikin watan aka ɗauke ni daga teburin da jama'a ke zuwa aka mayar da ni ɗakin tsofaffin fayiloli, domin na zama ƙarfen ƙafa ga masu rabo.

Ku ɗauki wannan labari ku aza shi a kan kowane ofishi da kuke bari ba kuɗin aiki, za ku ga ya zauna daram. Makarantar firamaren da dokar 2004 ta ce karatu a cikinta kyauta ne, idan ba alli ba tsintsiya, shugabanta zai sa wa iyaye kuɗin alli da kuɗin jarrabawa, kuma daga ranar babu mai sanin inda alli ya ƙare aljihu ya fara. Asibitin da ba safar hannu ba man janareta, ɗan uwan mara lafiya za a tura, gobe kuma ko akwai kayan sai an tura shi. Kotun da ba ta da abin hawan kai sammaci, mai ƙara ne zai biya, kuma wanda ya fi biya sammacinsa ya fi sauri. Ofishin 'yan sanda na tarayya ne, na sani, amma ku kuke saya musu motoci, kun kuma san motar da aka bayar ba tare da kuɗin mai ba, mai kawo ƙara ne zai zuba mata, alhali a bangon ofishin an rubuta beli kyauta ne. Duk ofishin da aka ce wa ya ji da kansa, an ba shi izinin tatsar wanda ya shigo, ko da ba a rubuta izinin ba. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. Wasunku sun kai wannan a takarda, an kuma yaba musu. Amma ma'aikaciyar jinya ba ta ɗaure ciwo da takardar kasafi. Abin da aka saki, kuma ya isa hannunta a kan kari, shi ne magana.

Sai na biyu, wanda a ganina ya fi na farko ƙarfi. Hajar da ake sayarwa a ofishin gwamnati lokaci ce. Ba kasafai talaka ke biya don a ba shi abin da ba nasa ba. Haƙƙinsa yake saye, don a ba shi yau maimakon ranar da ba a sani ba. Dawo gobe. Oga yana mitin. Fayil bai sauko ba. Mai sa hannu ya yi tafiya. Manomin da ya taso daga ƙauye ya biya kuɗin mota zuwa da komowa, ya bar gona a lokacin noma, zuwan farko zai haƙura, na biyu ma haka. A na uku zai yi lissafi ya ga dubu biyun da ake nuna masa da ido ta fi zuwa na huɗu arha. Shi ma ma'aikacin ya san lissafin nan. Da zarar ya gane jinkiri yana kawo kuɗi, sauri ya zama asara a wurinsa. Na ga fayil da aka gama da shi tun safe aka sa shi a ƙasan tari, ana jiran mai shi ya motsa. A gindin bishiyar ƙofar ofis kuma dillalai na zaune, sun san wane tebur yake cin nawa, su ne ma ke tarar baƙo tun kafin ya ga ma'aikaci.

Abin da ke ba wannan kasuwa rai duhu ne. Shiga ofisoshin jiha goma, da wuya ka samu biyu da suka liƙa a ƙofa cewa wannan aiki kuɗinsa kaza ne, takardun da ake buƙata su ne kaza, kuma kwana kaza yake ɗauka. Wanda bai san farashin gwamnati ba, duk abin da aka faɗa masa shi ne farashi. Mafi yawan masu zuwa kuma ba su karanta Turanci, ga fom da Turanci, ga rasidi da Turanci, in ma an ba da rasidin.

Ku dubi takardar shaidar mallakar fili. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, kuma sa hannunsa ko na wanda ya wakilta ne ke tabbatar da takardar. Kafin fayil ya iso nan sai ya ratsa safiyo, da masu tsara gari, da masu ƙiyasin kuɗi, da lauyoyi, da babban sakatare, da kwamishina. Kowane tebur da bakinsa. Akwai mutanen da suka nemi takardar suna da ƙarfinsu, magadansu ne suka karɓa. Jihohi irin su Kaduna da Kano da Nasarawa da Gombe sun kafa hukumomin da ke tattara bayanan filaye a kwamfuta, wannan mataki ne mai kyau. Sai dai kwamfuta ba ta da tsoron Allah kuma ba ta da rashinsa, abin da aka sa ta take yi. In ba a yanka wa kowane tebur wa'adi ba, "fayil ya ɓata" ne kawai zai koma "ba netwok".

Mun ga yadda cunkoso ke haifar da farashi a Disambar 2020, lokacin da aka ba jama'a mako biyu su haɗa layukan wayarsu da lambar NIN. Rajistar kyauta ce, amma cibiyoyin ba su kai ba, mutane suka riƙa kwana a layi, nan da nan lambar layi kanta ta zama abin sayarwa. Mun kuma ga kishiyar haka a 2023, da ministan harkokin cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya yanka wa hukumar shige da fice wa'adi, aka fitar da fasfo fiye da 200,000 da suka taru, cikin kamar mako uku. Ma'aikatan nan dai su ne, ba a sauko da wasu daga sama ba. Wa'adi aka sa, aka kuma tsaya a kansa.

Batun albashi kowa ya san shi, ba zan daɗe a kai ba. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, zuwa 70,000 a Yulin 2024. Amma tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai 200 ba ta haura 1,000 a cikin 2024, buhun shinkafa kuma ya wuce sabon albashin tun kafin ya shiga aljihun ma'aikaci, musamman malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi da aka daɗe ana ja-in-ja a kansu a wasu jihohi. Yunwa ba ta halatta haram ba. Na yi aiki da masinjojin da ba su taɓa karɓar ko kwabo ba, na kuma ga masu manyan alawus da ba sa ƙoshi. Amma wanda albashinsa ke ƙarewa ranar goma ga wata, kuka zaunar da shi a teburin da mabuƙata ke layi, ba ido a kansa, kun haɗa wuta da auduga.

Abin da ya fi albashi cin zuciyar ma'aikaci shi ne tsoron tsufa. Manyanmu da muka tarar a ofis sukan ba mu labarin 1975, lokacin da gwamnatin marigayi Murtala, Allah ya jiƙansa, ta sallami ma'aikata fiye da 10,000. Niyyar gyara ce, kuma akwai ɓarayi a ciki, amma akwai waɗanda sanarwar rediyo kawai suka ji, aka fitar da su daga gidajen gwamnati da suke zaune a ciki ba su da ko bukka. Sukan ce daga wannan shekarar ma'aikaci ya daina yarda cewa gwamnati za ta riƙe shi har ƙarshe, ya fara tanadin kansa da kansa. Yau ba sai an ba yaro labari ba. Da idonsa yake ganin tsohon ogansa a kan bencin ofishin fansho, da sanda da ledar magani, shekara uku, shekara biyar, yana jiran giratuti. Yana kuma jin yadda ake raɗa wa tsohon cewa in ya yarda a cire kaso, sunansa zai shiga jerin wannan watan. Me kuke tsammani yaron nan zai koya? A 2013 wani babban jami'in ofishin fanshon 'yan sanda, John Yakubu Yusuf, ya amsa laifi a shari'ar sama da faɗi da biliyoyin kuɗin fansho, aka yanke masa shekara biyu ko tarar naira 750,000, ya biya ya tafi gida. Sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin shekara shida. A shekaru biyar ɗin da ke tsakani, ba rajistar da ba a maimaita labarin tarar nan ba, kuma ba don jin takaici kaɗai ake maimaita shi ba.

Ranku ya daɗe, yanzu zan taɓa inda ya fi kusa da ku. Kuɗin da ake karɓa a ƙasa ba a ƙasa yake tsayawa ba. Binciken 2023 ɗin nan ya nuna cewa tsakanin 2020 da 2023, kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka ɗauka aikin gwamnati sun samu ne ta hanyar sanayya, ko kuɗi, ko duka biyun. A 2023 ɗin ne kuma wani kwamitin Majalisar Wakilai ya saurari shaidu kan sayar da guraben aikin tarayya, inda matasa suka faɗi da bakinsu cewa sun biya miliyan ɗaya ko fiye. A jihohinmu ma kowa ya san kalmar sayen ofa, wato takardar ɗaukar aiki. Ba abin mamaki ba ne a ƙasar da ranar 15 ga Maris 2014 matasa fiye da rabin miliyan, kowanne ya biya naira 1,000, suka yi tururuwa neman gurabe ƙasa da 5,000 a hukumar shige da fice, har aka tattake wasu suka mutu. Yaron da mahaifinsa ya sayar da gona ya saya masa ofa, ranar da ya zauna a tebur da bashi ya zauna, kuma a wuyan jama'a zai fanshe. Haka wanda ya biya aka tura shi wurin da ke da maiƙo. Wanda ya karɓi kuɗin turin kuwa ba shi da bakin tsawatar masa, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gurbin da kuke raba wa 'yan majalisa da shugabannin jam'iyya da masu sarauta a matsayin kasonsu, ko kun sani ko ba ku sani ba, wani sashensa a kasuwa yake ƙarewa.

Ku tambayi direban da ya ɗauko albasa daga Aliero, ko shanu daga Maigatari ko Wudil, zai nufi Legas. Kafin ya tayar da mota sai an ware masa kuɗin hanya daban da na mai, a canja su ƙanana-ƙanana. Wasu shingayen na jami'an tarayya ne, amma da yawa na masu karɓar harajin jiha da na ƙaramar hukuma ne, da 'yan tikitin da aka ba kwangila aka ce su kawo kaza duk mako, abin da ya hau nasu ne. Wanda aka yanka wa abin da zai kai sama, ba zai koma gida hannu rabbana ba. Dokar haraji ta 1998 ta hana kowa, har da hukumar haraji, kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. A Fabrairun 2021 ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu, kuma tatsar da ake yi musu a hanya na cikin kokensu. Kuɗin nan ba daga aljihun direba yake fita ba. Manomin Aliero ne ake rage wa farashi a gona, mai saye kuma a ƙara masa a kasuwa.

Mu ma jama'a muna da namu kason, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Mu ne idan ɗanmu ya samu aiki muke ɗora masa gari guda: kuɗin asibitin wannan, auren wancan, aikin ɗan wane. In ya ce albashinsa bai kai ba, a ce rowa. In ya yi ritaya yana gidan haya, a ce Allah ya ba shi dama ya yi wasa da ita. Wanda ya gina bene a shekararsa ta biyar da kama aiki kuwa, shi ake kira a sahun gaba ranar gidauniyar masallaci, ba mai tambaya. Muna kuma da al'adar kunyar shiga wurin babba hannu sake, al'ada mai kyau a gidan suruki, amma da ta shiga ofis ta zama wani abu daban. Wannan ba sabon ciwo ba ne. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya lissafa gaisuwa a cikin Kitabul Farƙ, a jerin ɗabi'un mulkin zalunci da ya tarar. A 1952 Sarkin Gwandu Yahaya ya gabatar da ƙudiri a Majalisar Sarakunan Arewa yana neman hukumomin En'e su bi diddigin masu cin hanci su hukunta su ba sani ba sabo. Malamanmu kullum suna karanta mana hadisin ma'aikacin zakka da ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce me ya sa bai zauna a gidan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar ba. Limaman coci ma ba su yi shiru ba. Wa'azi bai yi mana ƙaranci ba. Mutum ne yake fitowa daga wurin wa'azi ranar Juma'a ko Lahadi, ya koma ranar Litinin ya tarar da ofis ba takarda, da ogan da ke jiran kasonsa.

In talaka ya gaji ya ce zai kai ƙara, wurin wa? Rahoton Hukumar Ƙididdiga ɗin nan ya ce masu kai ƙara sun ƙaru daga kashi 3.6 a 2019 zuwa 8.6 a 2023. An samu ci gaba, amma har yanzu cikin mutum goma tara shiru suke yi, kuma suna da hujja. Akwatin ƙorafin da ke ƙofar ofis, sau da yawa mabuɗinsa yana hannun mutanen ofishin. Fayil ɗin mai ƙara yana kan teburin wanda ya kai ƙara. Doka ta ɗauki mai bayarwa ma a matsayin mai laifi, sai tsoro ya kama shi. In ma an tabbatar da laifin, hukuncin da aka saba shi ne canjin wurin aiki, wato a kwashe cutar a kai wa wani gari. Kano tana da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci, wasu jihohin sun bi sahu. Darajar irin waɗannan hukumomi tana ga ranar da za su kama na kusa da gidan gwamnati a bar su su yi aikinsu.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin gadar sama ɗaya ba. A watan Mayun 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a umarnin da ya wajabta wa ma'aikatun tarayya su bayyana kuɗin kowane aiki da sharuɗɗansa da kwanakin da zai ɗauka, in wa'adin ya wuce ba amsa a ɗauka an amince. A 2023 aka mayar da wannan umarni ya zama doka. Ba abin da ya hana kowannenku yin irinta a jiharsa. A liƙa allo a ƙofar ɗakin kati na asibiti, da rajistar kotu, da ofishin filaye, da sakatariyar ƙaramar hukuma, da Hausa ko harshen mutanen wurin, boko da ajami, a kuma karanta shi a rediyo don wanda ba ya karatu. Duk wanda ya miƙa takarda a ba shi shaida mai kwanan wata. In fayil ya wuce wa'adinsa, shugaban sashen ne zai amsa tambaya, ba masinja ba. Kuɗin alli da na man janareta ya tafi kai tsaye wata-wata, a liƙa adadinsa inda iyaye da majinyata za su gani, don in an ce musu babu, su san an aiko. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan kuɗin ƙananan hukumomi ku bar shi ya yi aiki, domin can ne ofisoshin suka fi bushewa. Ɗaukar ma'aikata a yi ta da sanarwa da jarrabawa, cibiyoyin kwamfutar da ake rubuta JAMB suna kowace jiha, a buga sakamako da maki kowa ya gani. Masu igiya da gungume a kan titi da sunan harajinku, umarni ɗaya daga bakinku ya isa ya tashe su.

Na bar giratuti a ƙarshe domin shi ne a gabana. Ku buga jerin sunayen 'yan fansho bisa ranar da kowa ya ajiye aiki, a liƙa, a riƙa biya daga sama zuwa ƙasa ko da mutum ashirin ne a wata. Tsoho zai iya jira in ya san lambarsa, kuma ba mai iya sayar masa da layin da kowa ke gani. Nawa ya fito bayan shekara huɗu. Abokina da muka kama aiki rana ɗaya muka ajiye rana ɗaya, an yi masa tayin cire kaso sau biyu ya ƙi, ya ce bai ci na kowa ba, ba zai ba kowa nasa ba. Ya rasu bara da azumi. Yanzu babbar 'yarsa ce ke zirga-zirga, an ce ta kawo takardar gado daga kotu, a kotun kuma an ce ta dawo mako mai zuwa. Lambar fayil ɗinsa tana wurina, in akwai ofishin da zai karɓa.

Allah ya taimake ku, ya ba ku ikon sauke amanar da ke wuyanku.

Naku,
Tsohon akawun rajista, mai ritaya.